Kawu Mai Rediyo da Muryoyin da Ya Bari a Kwamfuta

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, da mai gyara da wanda ya kawo gyara. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya rasu wata Laraba da hantsi a ɗakinsa nan Illela. Kafin La'asar mun kai shi makwancinsa.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suka yi ta zuwa. Tsofaffin 'yan canji sun zo, 'yan kabu-kabu sun jingine mashinansu a jikin katanga sun zo, mutanen Ƙonni sun tsallako boda sun zo. Ina zaune ina amsa gaisuwa sai na lura ba mutum ɗaya suke wa kuka ba. Masu furfura suna cewa Mai Rediyo ya tafi. Matasa kuwa Baba Mai Kwamfuta suka sani, ba su taɓa ganinsa da rediyo a hannu ba.

Wani Alhaji mai fataucin albasa ya zauna, ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Sannan ya ce, "Wanga mutum ya taɓa zaunar da ni bisa benci awa ɗan makaranta, ni da gemuna." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Shi bai yi ba. Ya cire hula ya goge fuska da ita.

A rana ta biyu aka aiko daga cikin gida cewa wata tsohuwa daga Garu tana son magana da ni. Na je bakin zaure. Ta yi mini gaisuwa, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri da tambaya ranar makoki. Muryar maigidana tana nan?"

Na ce mata in Allah ya yarda. Amma na riga na leƙa ɗakin Kawu. An kunna kwamfutarsa ta ƙi tashi. Fuskarta ta yi baƙi, da wani farin rubutu a kai, ta tsaya nan ba gaba ba baya. A cikinta akwai muryoyin mutanen garin nan da suka daɗe da rasuwa, waɗanda Kawu ya kwashe daga tsofaffin kaset. Akwai ta mijin tsohuwar nan. Akwai ta mahaifiyata, Inna, kuma babu ita a ko'ina a duniya sai nan.

Bari in koma baya, domin wanda bai san Kawu ba ba zai gane yadda muryoyi suka shiga na'ura ba.

A shekarun tamanin rumfarsa tana kan hanyar boda, kusa da tasha. Tebur ɗaya, benci ɗaya, gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, da ƙarfen dalma da yake ɗorawa a kan gawayi saboda ba a dogara da wuta. Ni lokacin ina saurayi, na sauke karatu ina rubuta wa mutane wasiƙu da ajami, don haka in rana ta yi zafi nakan fake a wurinsa. Ban taɓa koyon sana'arsa ba. Zama dai nake.

Yana da wata al'ada. In an kawo rediyo, kafin ya taɓa komai sai ya kwance bayanta ya duba murfin. Rediyoyin wancan zamani sukan zo da wata takarda manne a ciki, mai zanen hanyoyin wayoyinta duka. In ya gan ta sai fuskarsa ta saki.

"Ɗan Yaya, ka ga wanga?" Haka yake kirana, ɗan yayarsa. "Mutumin da yaƙ ƙera ta ya san wata rana za ta lalace hannun wani talaka da bai taɓa gani ba. Sai yab bar mai hanya. Wanga shina da tarbiyya."

Da aka fara kawo waɗanda aka liƙe bayansu da gam, ba kusa ba zane, sai ya riƙa jujjuya su yana tsaki kamar an zage shi.

A tsakiyar shekarun nan, zamanin soja, aka rufe boda. Inna ta riga ta tafi Ƙonni zaman jegon ƙanwata, can ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Samari suna bi ta daji su tsallaka, amma tsohuwar da ba ta iya tsayuwa ba a ɗora ta a mashin a bi da ita ta gonaki. Ƙonni da muke zuwa cin kasuwa mu dawo mu yi Azahar a gida ta koma mana wata duniya.

A lokacin ne rikodar Kawu ta zama gidan waya. Wanda ke da ɗan'uwa a tsallake, ko a Kurmi, ko a Gabas, sai ya zo da kaset. Kawu ya kori 'yan zaman benci, ya sauke buhun da yake labule da shi, ya danna jan maɓalli, shi ma ya fita ya tsaya a rana har mai magana ya gama. Kaset ya shiga cikin buhun gero ko aljihun wanda ya san hanyar daji. Bayan kwanaki amsa ta zo. In zaren ya tsinke ko rikoda ta tauna shi, Kawu ya zauna da reza da biro da kwalbar jan farce, ya yanke inda ya lalace, ya haɗa bakin biyu, ya naɗe a hankali. Yakan ce wa mai shi, "Kalma biyu sun tafi, sauran na nan."

Inna ta aiko mana da kaset ɗaya. Ba ta aiko na biyu ba. Labarin rasuwarta ya iske mu bayan an riga an rufe ta. Tun daga shekarar, in azumi ya gabato, Kawu yakan rufe rumfa da wuri wata rana, mu zauna mu biyu mu saurare ta. Ba mu taɓa gayyatar kowa ba, ba mu taɓa yin maganar ba bayan an kashe.

Shekaru suka wuce, rediyo ta yi arha har gyaranta ya fi sayenta wahala. Sai ga tsofaffin kwamfutoci 'yan Kwatano suna shigowa ta boda. Kawu ya riga ya fara furfura, amma ya sayi ɗaya ya ajiye a kan teburin da ya saba. Abokansa suka ce tsufa ya zo masa da wasa. Karatun bokonsa na elemantare ne, Turancinsa da yatsa yake bin sa, da wani tsohon ƙamus da bangonsa ya fita. Haka ya zauna da ita.

Da farko ba su shirya ba. Manhajar da take tuƙa na'urar, wadda ta zo da ita, irin rediyon nan ce mai gam. In ta rikice ba ta faɗa maka dalili, ba ka da hanyar leƙa cikinta, sai dai a wanke komai a sake zubawa. Sai wani malamin makaranta daga tsallake ya ratso ta rumfarsa ya bar masa faifai. Ya ce masa wannan wata manhaja ce da ba ta da mai ita. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta ta, suka bar cikinta a buɗe. Kowa yana iya kwafa, ya duba, ya gyara, ya ba wani, ba sata ba ce.

Ban manta ranar da ya zo har gidana ba, abin da bai cika yi ba. Ko zama bai yi ba ya ce, "Ɗan Yaya, na samu mai zane a murfi."

Ya yi mini bayani ban gane ba. Ya sake. Can na ce, "Kawu, kamar littattafanmu ke nan? Malami ya rubuta, almajirinsa ya kwafa da hannu, in ya ga kuskure ya gyara a gefe, na bayansa ya kwafa har da gyaran?"

Ya buga cinyarsa. "Ashe kana da kai! Yaya ba ta yi asara ba."

Daga nan duk tsohuwar kwamfutar da aka fid da rai da ita, in ta zo hannunsa, wannan manhaja yake sa mata, ta tashi ta yi tafiya. Amma mai ita ba ya tsira da sauƙi. Kawu ba ya gyara a bayan idon mai kaya. Sai ka zauna a benci, ka faɗi abin da ka yi mata na ƙarshe kafin ta tsaya, kuma da hannunka za ka danna abin da ya ce. Shi yana gefe da hannuwa a baya.

Abin da ya fi tsorata mutane shi ne baƙar fuska mai farin rubutu. Mutum ya shigo a gigice ya ce ta mutu.

"Mi tac ce?"

"Ba ta ce komi ba, Baba. Ta dai yi baƙi."

"Wancan rubutun fa? Ko ado na?"

Sai ya sa shi ya karanta, layi bayan layi, har ƙasa. Yakan ce ita wannan ba ta ɓoye ciwonta, mutane ne ba sa tsayawa su ji. Sau da yawa kafin mai karatu ya kai ƙarshe ya riga ya ga maganin da kansa, domin ita ta rubuta masa abin da zai yi.

Na ga wani malami daga Araba ya kawo tasa, wai ta ƙi buɗe masa komai a intanet, tana ta ƙorafi. Kawu ya leƙa kusurwar da take nuna kwanan wata ya ce, "Wagga ai tana can zamanin da anka rufe boda. Wa zai yarda da ita?" Ɗan batirin agogonta ne ya mutu, mai kamar kwabo. Aka canza, aka gaya mata shekarar da ake ciki, ta daina ƙorafi. Na ga wani ango da tasa take karɓar kalmar sirri ta yi kamar za ta buɗe, sai ta maido shi bakin ƙofa. Kawu ya sa shi ya tambaye ta sauran wurin da ke rumbunta. Babu ko kaɗan, bidiyon biki ya cinye. Ya ce, "Ka cika ɗaki har ƙofa, kana son ta shiga ta zauna ina?" Ango ya ce Baba ya share abin da ya ga dama. Kawu ya ce ba shi ya yi auren ba. Yaron nan ya wuni yana zaɓen wanda zai fita tsakanin kamu da walima. In bazara ta yi kuwa, masu zuwa da wadda take mutuwa da kanta da tsakar rana sukan yi yawa. Ya sa su kwance, su ga fankar cikinta ta toshe da datti, wata har da gidan gizo.

Rigimarsa da Alhaji mai albasa a kan wannan ɗabi'a ce. Kwamfutar Alhaji ta wayi gari ta ƙi karɓar kalmar sirrinsa. Ya tara 'ya'yansa ya ce wani ya canza, ya rantse sai ya gano ko wane ne. Ya sa direba ya ɗauko akwatin kwamfutar kawai ya kai wa Kawu. Kawu ya ce a mayar, mai ita ya zo da kansa, da duk abin da ke jone da ita.

Alhaji ya aiko cewa shi ba yaro ba ne. Kawu ya aika cewa shi ma haka. Aka yi damina guda ba sa gaisawa sai a masallaci, nan ma da kai. Babban ɗan Alhaji, wanda zargin ya fi faɗa wa, ya daina cin abinci a gidan. Uwar yaron ce ta matsa har Alhaji ya zo, yana huci, direba na biye da kaya.

"To ga ni. Sai mi?"

"Sai ka zamna, Alhaji. Mi kay yi mata na ƙarshe?"

"Ban yi mata komi ba!"

"Ko shayi ba ka zuba mata ba?"

Ashe shayin ya zuba, a kan kibod, wato allon da ake danna haruffa. Ya lalace, sai ya sayo sabo a kasuwar Ƙonni bai gaya wa kowa ba. Kibod ɗin mutanen Faransa kuwa ba a jere yake da namu ba, wasu haruffan sun yi musayar wuri. Ita na'urar ba wanda ya gaya mata an yi baƙo, tana nan tana karɓa a tsohon jeri. Alhaji ya danna wannan, ita ta ji wancan. Kawu ya nuna masa inda ake sanar da ita, ya danna da yatsansa mai zoben azurfa, ta buɗe.

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Gyara ya ƙare nan. Saura na gida, wannan ba ni da sukuddirebansa." Alhaji ya tashi ya fita. Da yamma aka gan shi da ɗansa a mota ɗaya.

Akwai abu ɗaya da in ka yi a gabansa za ka ga ɓacin ransa, shi ne ka finciko wayar wuta daga bango na'ura tana aiki. Ya ce tana riƙe da abubuwa a hannu, sai an ba ta dama ta mayar da kowanne mazauninsa. "A yi mata sallama," in ji shi. "Ko majalisa ba a tashi haka nan." Saboda yawan ɗauke wuta har batirin mota ya haɗa wa tasa.

Sai zamani ya sake juyawa. Waya ta shigo hannun kowa. Masu sauran kwamfuta suka koma wurin samarin tasha, waɗanda ba sa tambayar komai, su wanke su zuba sabuwa kafin ka gama shan lemo. Ban ga laifin mutane ba, kowa yana sauri. Babban ɗansa, taubashina, wanda ke aikin ofis a Sakkwato, ya sha ce masa ya riƙa yi musu abin da suke so. Kawu ya ce shi bai iya wanke abin da bai san me ke cikinsa ba. Benci ya koma ni da shi. Wata rana mukan yi tun hantsi har La'asar ba wanda ya yi sallama sai mai tallan goro. Yakan share teburin duk da haka, ya jera sukuddirebobi, ya zauna yana kallon manyan motoci suna wucewa boda.

A cikin wannan zaman ne ya ga kaset ɗin Inna ya fara mannewa. Ya haɗa tsohuwar rikodarsa da kwamfuta ya kwashe muryar. Sau ɗaya zaren ya yarda ya wuce, a na biyu ya saɓule ya bar baƙin gari a yatsunsa. Labari ya bazu. Tsofaffi suka riƙa zuwa daga Garu, daga Araba, daga tsallake, da kaset a ƙulle cikin tsumma, waɗanda zafi da gara suka bari. Ya kwashe, ya ajiye kowanne da sunan gidansu. Mai waya ya zuba masa a waya. Marasa ita, irina da tsohuwar nan, mukan zo mu ji a wurinsa.

A nan zan faɗi aibinsa, domin ba mala'ika nake wa ta'aziyya ba. Mutumin da ya shekara yana wa mutane faɗa su ajiye abu mai muhimmanci a wuri biyu, shi bai yi ba. Kullum sai ya ce sai ya gama kwashewa tukuna. Kaset kuwa ba su daina zuwa ba.

Da ƙafafunsa suka yi nauyi aka mayar da na'urar ɗakinsa. Ranar Larabar nan yana zaune a bakin gado yana kwashe wani kaset. Matarsa, Hajiya, ta shigo da kunu ta same shi ya jingina da bango. Ta kira shi bai amsa ba. A cikin ɗakin kuwa muryar wata mata da ba ta sani ba tana ta ba da labari tana ƙyalƙyala dariya. Hajiya ta finciko duk wayoyin da hannunta ya kai gare su, har da na batirin.

Da ta ji kwamfutar ta ƙi tashi, ta kira ni bakin ƙofarta, tana cikin takaba. Ta ce, "Na san ya hana. Wallahi na sani. Amma ban iya barin ana dariya bisa kansa ba." Na ce mata ko ni ne abin da zan yi ke nan.

Taubashina yana da hutu kaɗan, yana son a kammala lissafin kayan gado kafin ya koma. Ya kira wani daga samarin tasha ya duba. Yaron ya ce shi bai san irin wannan manhaja ba, amma zai iya wanke ta ya zuba wadda aka saba, ta yi daraja.

Na ce ba za a wanke ba.

"Kai taubashi," ya ce, "kai da ko waya sai an buɗe maka? Da tawada za ka gyara ta, ko rubutun sha za mu ba ta?"

"Ku da kunka yi boko ai ga ta nan ta gagare ku."

"To mi kake so a yi? Tsoho bai bar rubutu ba, bai koya ma kowa ba."

Wannan magana ta zauna mini, domin gaskiya ce kuma ba gaskiya ba ce. Bai bar rubutu ba. Amma duk wanda ya taɓa zama a bencin nan ya tashi da wani abu. Na ce, "Inna tana ciki." Ya dube ni, wasan ya fita daga fuskarsa. Yana ƙarami sosai lokacin da ta rasu, bai ma san akwai kaset ɗin ba. Ya ce a ba shi zuwa gobe.

Washegari da hantsi ya zo da janareta a bayan mota, ya cika shi da mai da kansa, ya ce ba ya son wuta ta yanke ana tsakiyar aiki. Ƙanwarsa, taubashiyata, wadda ke koyarwa a makarantar 'yan mata, ita ta zauna a kujerar Kawu tunda ta fi mu Turanci. Hajiya ta zauna a bakin ƙofa da carbi. Aka mayar da wayoyi, aka kunna. Rubutu ya gudana ya gudana, ya tsaya inda ya saba tsayawa.

Taubashiyata ta ce, "Ka gani? Nan take maƙalewa. Bari in kashe in sake kunnawa."

Na ce, "Dakata. Mi tac ce?"

Ban yi niyyar faɗa da irin muryarsa ba, haka ta fito. Hajiya ta ɗago kai.

"Turancin injin ne, Yaya, ba irin namu ba."

"Karanta dai. Tun daga sama, har ƙasa."

Ta sa yatsa tana bi, tana mayar mini da Hausa. Na'urar ta ce an yanke ta ba ta rufe rumbunta ba. Ta ce ta sami abubuwa ba a mazauninsu ba, kuma ba za ta taɓa su da kanta ba sai an ba ta izini. A layin ƙarshe ta rubuta kalmar da za a danna don ta bincika, da sunan rumbun.

Taubashina ya matso. "Wai duk kwanakin nan abin da take faɗi ke nan?"

Ƙanwarsa ta kwafi kalmar harafi bayan harafi, ta duba, ta sake dubawa, ta ce Bismillah ta danna. Sai tambayoyi suka fara fitowa. Na sami kaza ya karkace, in gyara? Ta dube ni. Na ce na sha ganin Kawu yana sa mutane su amsa da e. Ta amsa. Wata ta fito, ta amsa. Suka yi ta zuwa har na daina bin su, ina dai jin janareta a waje ina roƙon Allah kada ya yi tari. Ban san ko kowace amsa tana dawo da Inna ba ne ko tana share ta. Ba wanda ya sani a ɗakin. Wanda ya sani yana maƙabarta.

Can tambayoyin suka ƙare. Ta ce ta gama, a sake tayar da ita. Aka tayar. Baƙin ya wuce, fuska ta yi haske, ga sunayen gidaje a jere kamar yadda ya bar su. Na ƙarshen ne kawai, na matar nan mai dariya, ya yanke a rabi, shi kuwa kaset ɗinsa yana nan cikin rikoda. Hajiya ta kifa fuska a tafin hannu. Taubashina ya fita waje, na ji yana waya yana cewa a nemo masa rumbu na biyu a Sakkwato a aiko yau, kuma a gaya wa tsohuwar Garu ta zo ranar da ta samu dama.

Taubashiyata ta nemo sunan gidanmu ta danna, ta ƙara sauti. Hajiya ta ce mata, "Taso, ba shi wuri." Suka ja ƙofa.

Aka fara da shuuu ɗin kaset. Zakara ya yi cara a wani gida a Ƙonni, jaririn ƙanwata ya yi ɗan kuka aka rarrashe shi. Sai Inna ta yi gyaran murya ta yi sallama.

Inna ba ta taɓa yarda cewa da na'ura take magana ba. Gaisuwa take kamar muna gabanta, in ta yi tambaya sai ta dakata ta ba mutum lokacin amsawa.

"Ɗana, kana lahiya? Ina karatu?"

Na ce, "Lafiya lau, Inna," kamar kowace shekara.

"Madalla. To ina Auta? Auta, kana ji na? Ina gajiya? Yaya rumfa?"

Ta yi shiru tana jira. A nan ne Kawu yakan gyara zama, dattijo da farin gemu, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina ji, Yaya. Alhamdu lillahi." Ban taɓa lura da tsawon wurin da ta bar masa ba sai ranar. Zaren yana ta shuuu. Na dubi bakin gadon, an naɗe shimfiɗar an jingine. Na buɗe baki in amsa masa, na ga amsar ba tawa ba ce.

Sai Inna ta ce, "To madalla. Madalla, Auta. Na ji daɗi."

Ya Allah, Ka sa haka ta karɓe shi. Ka gafarta masa, Ka gafarta mata, Ka yalwata musu makwanci, Ka sa iyakar da ta raba su a duniya ita ce ta ƙarshe. Mu da muka rage a wannan tsallaken, Ka ba mu haƙurin zama, Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.